Kakana da Ciyawa Mai Ƙaro

Daga Allah muka zo, gare shi kuma za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Kakana, mahaifin Babana, ya rasu wata ranar Talata da hantsi a gidansa na unguwar Barade, aka kai shi makwancinsa kafin la'asar. Shekarunsa ba wanda ya sani daidai. Shi kansa in an tambaye shi sai ya ce ya girmi kwaltar da ta ratsa Jalingo, sauran bayanin a nema wurin masu takarda.

Kwana uku na zaman makoki ina cikin gida tare da mata, amma tagar ɗakin Goggo, ƙanwar Baba, tana kallon rumfar maza, don haka kusan duk abin da aka faɗa a waje ya shigo kunnena. Tsofaffin ruga suna zuwa da sandunansu, su durƙusa su ce "Allah yaafo mo," wato Allah ya yafe masa da Fulatanci, su tashi. Wata mai sayar da ciyawa a bakin kasuwa ta shigo mana tana kuka tana dariya a lokaci ɗaya.

"Shekara da shekaru yana ɗaukan ciyawa a wurina," in ji ta, "bai taɓa tafiya bai kwance dami ya zage ni ba. Yanzu wane ne zai zage ni?"

Likitan dabbobi ma ya zo, wani mutumin kudu da aiki ya kawo garin tun lokacin da aka ba mu jiha. Ya sa aka kira ni soro, ya cire tabarau yana gogewa.

"Madam, wannan tsoho, da ya yi sukul, da duk mu muna ƙarƙashinsa."

Na ce masa da ya yi makaranta da malamansa sun gudu sun bar masa ajin. Ya yi dariya, sannan ya juya baya ya fyace hanci.

Sai kuma wani tsoho ɗan Mumuye, manomin doya daga bayan Kachalla Sembe. Ya sauke doya a ƙofar gida, ya cire hula, ya zauna can gefen tabarma. Ba ya ɗaga hannu in ana Fatiha, don ba addininsa ba ne, sai dai ya sunkuyar da kai har a shafa. Haka ya yi ta zuwa kwana uku. A rana ta uku na ji wani ɗan'uwanmu da ya zo daga nesa yana tambaya, "Wannan kuma fa?" Wani ya amsa masa, "Mai kawo wa tsoho doya ne." Raina ya ɓaci ƙwarai. Shekara huɗu kacal da abin ya faru, har an mayar da shi mai kawo doya. A nan na ƙudura cewa zan rubuta, tun kafin mu ma mu manta.

Kaka makiyayi ne da tsufa ya shigo da shi gari, kuma bai taɓa yafe wa garin ba. Ba ya hawa babur. Ba ya shan shayi da sukari. Rediyo maƙaryaci ne a wurinsa, amma kowace safiya yana manne da kunnensa, wai don ya san ƙaryar ranar. Ba ya wuce ciyawa bai tsaya ba, ko a bakin kwata ce. Zai tsinko kanta, ya murje a tafin hannu, ya hure ƙaiƙayin, ya duba ƙwayar, ya sunsuna, wani lokaci ya ɗan taɓa da harshe ya tofar. Aljihunsa kullum cike yake da 'ya'yan ciyawa. Goggo ce ke masa wanki, kuma har yau bayan gidan inda take zubar da ruwan wanki akwai ciyayin da ba a ganin irinsu a unguwar.

Tambaya ɗaya yake yi wa duk wanda ya kawo masa labari, ko na mutuwa ne, ko na siyasa, ko na ganin wata: "Ka gani, ko an gaya maka?" Ta sa mutane da yawa sun daina kawo masa labari. Mu jikoki kuwa mun mayar da ita abin tsokana. Ni ce babbar jikarsa, amaryarsa kenan ta wasa, kuma ban taɓa raga masa ba. In na shigo na ce, "Ango, ka tsufa," sai ya ce, "Kin gani, ko an gaya miki?" Da na fara koyar da ilimin halittu a wata sakandare a cikin gari, ya ce an ba da amanar ciyawa a hannun wadda ba ta iya bambanta gamba da tsintsiyar ɗakinta ba. Bai yi ƙarya sosai ba.

Yabo kuwa ba ya fita bakinsa. In ka yi abu daidai, iyakar abin da za ka samu shi ne ya miƙo maka rabin goro ba tare da ya kalle ka ba. Mai ciyawar nan da yake zagi, shekarar da mijinta ya kwanta ciwo, shi ya riƙa aika mata nono kowace safiya, ya kuma hana Goggo faɗin daga inda yake fitowa. Nonon na saniyarsa ɗaya ce da ya riƙe a gida, ja, muna ce mata Woɗeye. Daga jinin karsanar da mahaifinsa ya ba shi ran suna ta fito, kuma ita ce mace ta ƙarshe a wannan jinin. Sauran garken duk ya damƙa wa Baba.

Baba shi ne ɗansa na fari, kuma a gidanmu ana riƙe da kunyar ɗan fari da ƙarfi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Kaka ya kira sunan Baba ba, ban taɓa ganinsu a kan tabarma ɗaya ba. Kaka yakan ce "mutanen Yelwa," don a Yelwa gidanmu yake, Baba kuma ya ce "mutanen Barade." In Baba ya zo gaisuwa, a bakin ƙofa yake durƙusawa, fuskarsa gefe, Kaka yana ciki yana kallon bango. Magana in ta wuce gaisuwa, sai a nemi wanda zai ɗauke ta daga wannan ya ba wancan, ko da taku uku ne tsakaninsu. Da Goggo ce ke yi. Da na girma aikin ya dawo kaina, don ni kaɗai ke iya faɗa wa Kaka magana ba kwana-kwana.

Aiki ɗaya ne Kaka bai saki ba bayan ya ba da garke. Kowace shekara in damina ta ja baya, kafin a shigar da shanu fadamar da ke bayan Kachalla Sembe, sai ya je da ƙafa ya taka ta daga wannan baki zuwa wancan yana murza ciyawa, sannan ya aika a ce wa mutanen Yelwa su shiga. A shekarar da nake magana bai je ba. Gwiwoyinsa sun ƙi, shi kuma bai iya buɗe baki ya ce sun ƙi ba. Baba ya jira mako guda, saƙo bai zo ba, shi ma bai iya tambaya ba. Ya sa aka kora shanun ciki.

Bayan kamar mako biyu saniya ta farko ta faɗi. Masu kiwon sun ce tana tafiya tana ɗaga ƙafa sama kamar mai taka ƙaya, sai ta yi tangaɗi, ta wurga kai baya, ta zube tana shure-shure. Can ta tashi ta ci gaba da kiwo kamar ba ita ba. Da aka kora su zuwa ruwa ta sake faɗuwa, ba ta ƙara tashi ba. Cikin kwanaki kaɗan bakwai suka tafi, biyu da ciki. Wanda bai tashi cikin shanu ba ba zai gane abin da wannan ke yi wa mutum ba. Baba ya daina cin abinci, idanunsa suka faɗa.

Gonar tsohon nan mai doya tana bakin fadamar, kusa da tafkin da shanu ke sha. Da farkon damina shanunmu sun taɓa shiga sun tattake masa kunyoyin doya, aka yi cacar baki, jauro, wato mai garin wurin, ya sasanta. Yanzu kuma masu kiwo suka tsinci gwangwanin maganin feshi babu komai ciki a bakin tafkin. Ba a tsaya neman wani bayani ba. Baba ya kai ƙara wurin jauro cewa an zuba wa shanunsa guba, ya ce ko mutumin ya tashi daga wurin, ko su haɗu a kotu. Samarin ruga ba su ma damu da kotu ba, maganar rumbun doya da ashana suke yi. Jauro ya roƙi a ba shi wata guda.

Ni na kai wa Kaka labarin. Ya saurara har na gama.

"Guba a ruwa. Kin gani, ko an gaya miki?"

"Ango, yau ba ranar wasa ba ce. Shanu bakwai."

"Na ji bakwai. Kwaɗin tafkin fa, sun mutu?"

Ban sani ba. Ya ce in nemo masa babur. Na ɗauka kunnena ne, sai da ya maimaita da tsawa. Lokacin ana wahalar mai, da ƙyar na samo 'yan acaɓa biyu. Kaka ya hau, ya rungume mai babur kamar zai shige cikin rigarsa, idonsa a rufe, yana salati tun daga Barade har muka sauka. Na yi alkawarin ba zan gaya wa kowa ba, kuma na riƙe har ya rasu.

A bakin tafki ya tsaya yana dogara sanda. Kwaɗi na tsalle, ƙananan kifaye na yawo, ga awaki suna sha. Mai doya ya hango mu ya taho, ya durƙusa nesa da Kaka.

"Baba, Allah ya gani, ni ban zuba komai ba. Gwangwani na maganin wake ne, na wanke, na yar. Akuya na yana sha ruwan nan. Mata na yana ɗiba, yara yana sha. Zan kashe yara na saboda shanu?"

Kaka ya wuce shi. Ya shiga fadamar a hankali, ina riƙe da gwiwar hannunsa, yana tsinka yana murzawa yana yarwa. Can wajen wani kwari inda ruwa ya daɗe kwance ya tsaya a kan wata ciyawa mai siririn kai, 'yar'uwar burburwa. Ya murza, ya hure, ya daɗe yana kallon tafinsa. Maimakon ƙwaya mai haske, wasu baƙaƙe ne ƙanana, marasa nauyi. Ya nuna mini wasu kawunan da suka manne da juna, wani abu rawaya ya bushe a jikinsu kamar ƙaro.

"Wannan ba iri ba ne," in ji shi. "Wani abu ya shiga gidan iri ya zauna."

Ya ce sau ɗaya ya taɓa ganin haka, yana saurayi, a wani kwari da mahaifinsa ya hana su shiga bai faɗa musu dalili ba. Ya cika aljihu biyu da hularsa. Da za mu tafi ya dubi mai doya ya ce, "Kar ka bar awakinka su hau nan." Iyakar abin da ya ce masa kenan.

A makarantarmu akwai madubin duba ƙananan halittu guda ɗaya da ke aiki, da hasken rana ake amfani da shi. Ranar Asabar da safe na jiƙa baƙaƙen ƙwayoyin a ruwa, bayan azahar na fasa ɗaya da allura a kan gilashi na leƙa. Sai da na ja da baya. Tsutsotsi ne sirara kamar zare, ba iyaka, suna warwarewa suna motsi. Na fasa wata, ita kuma ba tsutsa ko ɗaya, sai wani rawayan abu mai yauƙi ya cika ta. Na je na ɗauko Kaka. Ya ƙi sa ido, wai ba ya leƙa ramin da bai san mai shi ba. Na ce to an gaya masa kenan, bai gani ba. Ya harare ni, ya cire hula, ya sunkuya. Ya daɗe a haka.

"Allahu akbar," ya ce. "A cikin ƙwaya ɗaya?"

Ya ciro goro ya ɓare, ya miƙo mini rabi yana kallon taga.

Litinin na kai wa likitan dabbobi. Ya duba, ya ɗauko wani tsohon littafi daga kabad ya yi ta buɗawa. Ya ce an rubuta irin wannan a wasu ƙasashe masu nisa. Tsutsar tana hawa ciyawa tun tana ƙarama, ta shiga inda iri zai fito, ta mayar da wurin ɗakinta. Ita kanta ba ta kashe dabba. Amma akwai wata ƙwayar cuta, bakteriya, da ke manne wa jikinta ta bi ta ciki, in ta yi yawa ta cinye ɗakin ta fito a matsayin rawayan ƙaron nan, kuma ita ce ke yin dafin. Dafin taruwa yake a jiki a hankali, shi ya sa saniya ke kwana da kwanaki tana ci lafiya kafin ta faɗi.

"Amma Madam, ban taɓa ji an samu a ƙasar nan ba. Ba zan sa hannu a takarda ba sai lab ya gani. Zan aika sampul. Rizol zai ɗauki wata uku, ko fiye."

Wata guda jauro ya nema, kuma kwana goma sun riga sun tafi.

Na je Yelwa na sami Baba. Na faɗa masa kwaɗi, na faɗa masa tsutsa, na ce ku zo ku gani da idonku. Ya ce, "Shekara arba'in shanunmu na cin ciyawar nan. Sai bana, shekarar da aka yi faɗa da mutumin, ciyawa ta koyi kisa? Ki gaya wa mutanen Barade na ji. Ki ce musu kuma ban san an fara fifita na waje a kan na gida ba." Na kai saƙon yadda yake, ban rage ba, don ni ma a lokacin haushin kowa nake ji. Na gane daga baya abin da ke cin Baba. In ciyawa ce, to ba mai doya ne ya kashe shanun ba, shi ne da ya kora su ciki ba a taka ba, da kuma tsohon da bai je ya taka ba. Gubar maƙwabci ta fi wannan sauƙin haɗiya.

Washegari na tarar da dami biyu na ciyawar kwarin a tsakar gidan Barade, Goggo na zaune a ƙofar madafa tana kuka. Kaka ya sa an yanko, ya ce daga yau ita Woɗeye za ta ci, ruwa kuma na rijiyar gida, wanda mu ma muke sha. Na yi masa faɗa irin wanda ban taɓa yi ba. Na ce zalunci ne, na ce a jira takarda, na ce a nemi tunkiya a gwada.

"Tunkiyar wa?" ya ce. "In ta wani ce za a ce an ba ta wani abu a ɓoye. Wannan kowa ya san ba zan cuce ta a banza ba. Mutanen Yelwa ma sun sani."

"In ta mutu fa?"

"In ta mutu, saniya ce. Wancan mutum ne, da 'ya'ya."

Da hannunsa yake ba ta, safe da yamma, yana mata magana da Fulatanci ƙasa-ƙasa. Ya hana a sha nononta, a ƙasa ake tatse shi. Ya sa jauro ya turo dattijo ɗaya yana zuwa kullum ya ga abin da take ci da abin da take sha. Kwana goma sha biyu ba abin da ya faru, har na fara fatan Kaka ya ji kunya ta rayu. Rana ta goma sha uku da hantsi Goggo ta aiko makaranta a kira ni. Na tarar Woɗeye tana zagaya turke tana ɗaga ƙafa sama. Kaka ya ce in je Yelwa in ce mutanen Barade na kira.

Baba ya zo ya tsaya a bakin zaure. A gabansa ta wurga kai baya ta zube, ta yi shure-shure, ta tashi, ta kai baki ga ciyawar. Ya ga wannan sau bakwai a ruga, ba ya buƙatar a yi masa bayani. Kaka na zaune ya ba mu baya.

"Amarya, ki tambayi mutanen Yelwa ko haka nasu suka yi."

Na juya na maimaita, ko da yake Baba ya ji. Sai ya ce, "Ki ce haka suka yi."

"Ki ce musu wannan ba ta taɓa ganin tafkin ba."

Baba bai jira na maimaita ba, ya juya ya fita. Kaka ya sa aka yanka ta kafin ta sake faɗuwa, ya hana a taɓa naman, aka haƙa rami a bayan gida. Yana tsaye har aka rufe, yana ta istigfari. Ranar ban tsokane shi ba, kuma na ji tausayinsa fiye da yadda na taɓa jin tausayin wani mutum.

Da yamma Baba ya je wurin jauro ya janye ƙarar. Daga can ya wuce gonar mai doya, shi kaɗai, ba sanda. Mai doya ne ya ba ni labarin daga baya: "Baban ki ya zo, ya ce na yi maka ƙarya. Na ce ya wuce. Ya ce bai wuce ba, sai ya faɗa gaban mutane." Ran kasuwa kuwa ya faɗa. Da ciyawa ta gama bushewa, mutanen ruga da manoman wurin suka haɗu suka ƙone kwarin, aka hana kiwo a cikinsa.

Takardar ɗakin bincike ta iso bayan wata biyar. Likita ya kawo ta Barade da kansa ya fassara. Sun ce tsutsar tana daga cikin masu zama a gidan iri. Sun ce sun shuka rawayan abin a faranti, ya tsiro a hankali, kuma ya yi kama da dangin bakteriyar da ake zargi, amma ba su da kayan da za su tabbatar ko ita ce, ko kuma su auna dafin. Suna neman a sake aiko da sabon sampul. Kaka ya ce a gaya musu an ƙone. Har yau ba ni da sunan da zan ba wannan ƙwayar cuta in rantse a kai, kuma haka nake faɗa wa ɗalibaina in na ba su labarin. Abin da na gani shi ne tsutsa, da ƙaro, da saniya.

Aka zauna lafiya da maƙwabta, amma tsakanin Barade da Yelwa wani abu ya tsaya. Baba na zuwa gaisuwa kamar kullum, a amsa masa kamar kullum, sai dai saƙon da nake ɗauka ya koma na ruwan sama da lafiyar yara. Baba ya aiko da karsana ja, Kaka ya ce a mayar, ba shi da ƙarfin yankan ciyawa. Shekara huɗu ba wanda ya ambaci fadamar.

Kwana biyu kafin rasuwarsa, bayan la'asar, ina zaune a gefen gadonsa ina ba shi kunu yana turewa. Baba na durƙushe a bakin ƙofa, fuskarsa gefe. Kaka ya juya ga bango.

"Amarya, ki gaya wa mutanen Yelwa, shanun nan bakwai a wuyana suke. Ƙafata ce ta ƙi, na ji kunyar faɗa. Da na aika ko da kalma ɗaya, da an jira."

Na juya. Na maimaita masa. Baba ya sa hannu ya rufe fuska.

"Ki gaya wa mutanen Barade na sani. Na ga yadda suke tashi daga sallah. Da na zo na ce in ɗauke su a baya mu je, ko su koya mini in taka da kaina. Ban zo ba. Jar saniyar ma a wuyana take."

Na buɗe baki zan maimaita, Kaka ya ɗaga hannu.

"Na ji shi," ya ce. Ya juyo daga bango, ya dubi ƙofa sosai. "Ke tashi ki ba mu wuri."

Na ajiye kofin na tashi. A ƙofa Baba ya matsa na wuce, na ga ya cire takalmi ya shiga. Na je na zauna wurin Goggo a madafa, muna jin muryoyinsu ƙasa-ƙasa har aka kira magariba. Ban san abin da suka ce ba, ban kuma tambayi Baba ba.

Allah ya gafarta wa Kaka, ya yafe masa saniyar da ya bayar, ya sa ya tarar da abin da ya yi dominsa.